Takarda Biyu, Suna Ɗaya

Ku da kuke zuwa shagona kuna zama a benci kuna latsa waya, na sha jin ku kuna cewa aikin nan nawa ba sana'a ba ne, wai mutum ya zauna a inuwa yana danna kwamfuta ana biyansa. Wani a cikinku har cewa ya yi da wayarsa zai cike fom ɗin jami'a kafin shayi ya huce. Ban musa masa ba, cikewa ba ta da wuya. Ni dai na haura shekara talatin ina cike wa mutane takardu a garin nan na Ɗanbatta, kuma har yau akwai fom ɗaya da in na tuna shi kaina yake ɗaurewa. Zan ba ku labarinsa, amma ku bari in faro daga inda na faro.

Aikin farko da aka ba ni takardar sayar da gona ce. Lokacin ina koyon aiki a wurin Malam Haruna mai tafireta, wanda yake kafa teburinsa a gindin wata ceɗiya kusa da kotu. Kayan aikinmu ba su da yawa: tafireta da harafinta ɗaya yake maƙalewa sai an ɗago shi da tsinke, kabon, reza ta kankare kuskure, da wani dutse da muke danne takardu saboda iska. Wata huɗu na yi ina buga haruffa a bayan tsofaffin takardu kafin ya yarda in taɓa fara. Ranar da ya yarda, wani manomi ya zo zai sayar da gona. Na buga tsaf, ko kankara ɗaya ban yi ba, ina ta jin kaina. Malam ya karɓa ya karanta, ya dubi manomin.

"Gonar taka ce kai kaɗai?"

"A'a, tamu ce mu uku da ƙannena."

"Sun san ka zo nan?"

Mutumin ya kawar da kai. Malam Haruna ya yaga takardar gida huɗu, ya miƙo min, ya ce, "Isa, tafireta ba ta tambaya. Kai ne za ka tambaya." Haushi ya cika ni a ranar, don ni kyan bugun nake so a yaba.

Da tafireta ta kwanta dama na sayi tsohuwar kwamfuta da firinta da ɗan janareta, na kama shagon nan na bakin kasuwa. Daga nan aikin ya koma na ɗalibai. Ni nake zama da yaro in tsara masa abin da zai zaɓa kafin ya tafi cibiyar da ake rajistar jarrabawar shiga jami'a, ni nake duba masa sakamako, ni kuma nake cike masa fom ɗin da ita jami'ar take fitarwa daga baya. Babban kayan aikina ba kwamfutar ba ce. Littafin ƙa'idoji ne, wanda ya faɗi abin da kowace jami'a take nema a kowane fanni. Duk shekara sai na sake karanta shi da jan biro a hannu, don abin da aka yarda da shi bara yana iya zama haram bana, kuma babu wanda zai zo Ɗanbatta ya gaya maka.

Fannin da ya fi ba ni wahala shi ne tattalin arziki. Mutanenmu 'yan kasuwa ne da manoma, da sun ji sunan sai su ce ai wannan namu ne. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya taɓa kawo min ɗansa, yaron ya riga ya yi rajista a wani wuri, ya ci maki mai kyau, amma shiru babu gurbi. Na duba takardar, sai na ga darussan da ya zana: Turanci, tattalin arziki, kasuwanci, da gwamnati. Babu lissafi. Na ce, "Alhaji, a nan aka samu matsala. Mai neman wannan fanni dole ya zana Turanci, da lissafi, da tattalin arziki, sannan ya ƙara ɗaya, ko gwamnati ko tarihi ko labarin ƙasa. A takardar fita sakandare kuma sai ya kawo kiredit biyar, kuma a cikin biyar ɗin nan lallai a ga Turanci da lissafi da tattalin arziki. Fas ba ya yi."

Ya ce, "Yaron da tun yana shekara bakwai yake ƙirga min shanu a kara, shi za a ce sai ya kawo shaidar lissafi?"

Na ce haka dokar take. Ya ce to dokar ba ta san yaron ba. Ban iya ce masa ƙarya yake ba, amma shekarar ta riga ta tafi.

Wannan kuskuren na wani ne. Yanzu ga nawa.

Ranar wata Lahadi ce, kasuwa ta cika, kuma washegari za a rufe fom ɗin jami'ar da yawancin yaranmu suke nema a Kano. Shago ya cika maƙil, janareta yana tari, man da ke ciki bai fi na awa ɗaya ba. Sai ga wani dattijo ya shigo da sanda, wata budurwa cikin hijabi tana biye da shi. Sunansa Malam Garba, daga wani ƙauye yake arewa da gari, ya kawo gyaɗa kasuwa. Yarinyar jikarsa ce, Ummi yake kiranta. Ta zana jarrabawar shiga jami'a, darussanta huɗu daidai, makinta ya wuce inda ake yankewa da tazara. Tattalin arziki take so. Na tambaye ta dalili, ta ce tana so ta san abin da ya sa gyaɗa take arha ranar da suke da ita, ta yi tsada ranar da ta ƙare musu. Amsar ta burge ni, don yawanci abin da nake ji shi ne "aikin banki".

Malam Garba ya kwance wata leda, ya kwance wata a cikinta, ya fito da takardu biyu.

"Malam Isa, an ce min ana haɗa takarda biyu."

"Ana haɗawa, Baba. Wannan jami'ar ta yarda."

"Ko da ba shekara ɗaya aka yi su ba?"

"Ai dama don haka aka yi dokar."

"Muddin dai suna ɗaya ne?"

"Muddin suna ɗaya ne."

Ya ce alhamdulillahi, ya samu wuri ya zauna.

Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku: in ɗalibi ya zana jarrabawar fita sakandare ya faɗi wani darasi, ya sake zanawa ya ci, wasu jami'o'in sukan yarda ya haɗa takardun biyu su cika masa kiredit biyar. Kullum ina yi wa yara wannan. Na duba ta farko: Hauwa'u Garba, kiredit a Turanci, tattalin arziki, gwamnati, Hausa, da addini. Lissafi fas. Na duba ta biyu, ta shekarar da ta gabata: Hauwa'u Garba, ranar haihuwa ɗaya ga watan Janairu kamar ta farko, lissafi kiredit mai ƙarfi, Turanci faɗuwa. Hoton da ke jikin kowacce yarinya ce cikin hijabi, an buga baƙi da fari, fuskar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya min. Takarda ta biyun darussan kimiyya ne a cikinta. Na ce, "Ummi, da ajin kimiyya kike kika sauya?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Kakanta ya amsa daga benci: "Ai kowa da ɓangaren da Allah ya ba shi, Malam." Na ɗauka maganar dattawa ce kawai. Janareta ya sake tari, mutum goma sha suna jira, na shigar da takardun biyu, na tura, na buga musu shaida.

Bayan wata biyu sunanta ya fito. Ni na duba, ni na aika musu saƙo ta wurin wani mai babur. Lahadin da ta biyo Malam Garba ya iso da kwanon gyaɗa da zabuwa ɗaya a ɗaure, fuskarsa kamar gonar auduga. 'Yan mata biyu ne a bayansa. Suka durƙusa suka gaishe ni. Na gane Ummi. Ɗayar ta ɗan fi ta tsawo, amma hanci ɗaya, ido ɗaya.

Na ce, "Baba, wannan ƙanwarta ce?"

"Iya kenan. Ai ita ce mai lissafin. Na ce ta zo ita ma ta yi maka godiya."

"Mai wane lissafin?"

"Na takardar."

"Ita ta koya mata?"

"A'a, ita ta ci."

Na ajiye zabuwar a ƙasa a hankali. Na ce ya sake faɗa min, don ban gane ba. Ya sake faɗa, ban gane ba dai. Sai da na sa Ummi ta tsaya a dama, Iya a hagu, na ɗauko kwafin takardun na ce kowacce ta nuna tata. Ummi ta nuna ta farko. Iya ta nuna ta biyu.

Ga yadda abin yake. Shekarar da mahaifiyar Malam Garba ta rasu, 'ya'yansa biyu, Audu da Sale, matansu suka haifi 'ya'ya mata a damina ɗaya, kowanne ya mayar da sunan tsohuwa, Hauwa'u. Tun da sunan uwarsa ne, shi Malam Garba bai taɓa furta shi ba, gida duka ma ba a faɗa, wannan Ummi, waccan Iya. Ranar shiga firamare shi ya kai su a matsayinsa na mai gida, hedimasta ya rubuta sunansa a bayan na kowacce. Ranar haihuwa kuwa, babu wanda ya riƙe, aka ba su ɗaya ga Janairu kamar yadda aka ba rabin ajin. Daga baya aka raba su makaranta, Iya ta riga Ummi gamawa da shekara ɗaya. Ta ci lissafi ta faɗi Turanci, Ummi ta ci Turanci ta samu fas a lissafi. Da aka ji labarin ana haɗa takardu, aka zauna a zaure aka yi shawara, Iya ta ce ta ba da tata da zuciya ɗaya.

Na ce, "Baba, takarda biyu na mutum ɗaya ake haɗawa. Ba na mutum biyu ba."

"Ka ce min muddin suna ɗaya ne."

"Na ce, amma ai nufina mutum ɗaya."

"To me ya sa ba ka ce mutum ba?"

Ya ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai yi wa ɗan birni bayanin noma. "Mu a gandu muke, Malam Isa. Shanun huɗa na Audu ne, garma ta Sale ce. In an girbe, akwai wanda yake cewa wannan damin na shanu ne, wancan na garma? Rumbu ɗaya ake zubawa. Yaran nan tukunya ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka kwana. Wannan tana da abin da waccan ta rasa. Ban ɗauko na maƙwabci ba."

Na ce hukuma za ta kira shi maguɗi. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya miƙe da sandarsa ya ce shekara hamsin yana auna gyaɗa a kasuwar nan, in je in tambaya ko an taɓa samun mudunsa da ƙwange. Ni ma na san ba a taɓa ba. Na ba shi haƙuri, na ce ba shi nake nufi ba, takardar nake nufi. Ya ce ai takardar ba ita ta kawo kanta ba.

Saura kwana tara a je tantancewa, inda ake kai takardu na asali a duba kafin ɗalibi ya zama ɗalibi. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta rabu biyu. Wani abokin sana'ata da na yi wa zancen ya ce, "Kai ma da suke gabanka ba ka gane ba, wa zai gane a cikin dubban yara? Ka ja bakinka." Na kwana biyu ina juya maganar, kuma ta yi min daɗi. Amma na san abin da yake biyo baya. Jami'a takan aika a tabbatar da takardu ko bayan shekara uku, in aka gano a kori ɗalibi, wani ma a ƙwace digirin bayan ya gama. Sannan ita Iya, ranar da ta gyara Turancinta ta zo neman nata gurbin, za a ce takardarta tana hannun wata. Na hau babur na je ƙauyen, na same su suna fizgar gyaɗa a bakin gona. Na ce shawarata Ummi ta haƙura da bana, kada ma ta je, ta sake zana lissafi.

Malam Garba ya ce shi ba zai yar da abin da Allah ya ba jikarsa a kan maganar mutum ɗaya ba, mutumin ma da ya faɗi magana ya dawo ya ce ba haka yake nufi ba. Zai je ya tambayi masu makarantar da bakinsa. Kuma da ni za a je.

Muka shiga motar Kano mu huɗu da sassafe. Tun daga Ɗanbatta har muka wuce Bacirawa ina tsara yadda zan faɗi maganar a hankali, in ce kuskure aka samu wurin shigarwa. Muka bi layi har azahar. Da aka kira Hauwa'u Garba, su biyun suka miƙe.

Wata Hajiya ce a teburin, mai gilashi, da hatimi a hannunta. Ta karɓi takardun ta duba, ta ɗaga hatimin. Kafin in buɗe baki Malam Garba ya matsa gaba.

"Ranki ya daɗe, kafin ki buga. Wannan ta wannan ce, wannan kuma ta waccan. Na kawo su duka ki gani, don kada a ce an ɓoye wani abu."

Ta sauke hatimin. Ta dubi Ummi, ta dubi Iya.

"Tagwaye ne?"

"A'a, 'ya'yan wa da ƙane."

"Wace ce Hauwa'u?"

"Duk su ne."

"Wace ce ke neman gurbin?"

"Wannan. Amma lissafin na waccan ne."

Hajiyar ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Ta ce, "Baba, wa ya cike muku fom ɗin nan?"

Ya juyo ya nuna ni da sanda. "Ga shi nan, Malam Isa. Mutumin kirki ne. Shi ya ce ana haɗawa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi bayani ina in'ina, ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa dattijon ta ga gaskiyarsa, kuma saboda shi ya faɗa da kansa ba za a rubuta wa yarinyar laifi ba, amma gurbin ba zai tsaya ba, don ita Ummi ba ta da kiredit a lissafi, kuma karatun da take nema rabinsa lissafi ne. Sai Malam Garba ya ce, "To ku ɗauke su su biyun mana. Su zauna benci ɗaya. In an zo lissafi wannan ta yi, in an zo Turanci waccan ta yi." Wasu a layi suka yi dariya. Hajiyar ba ta yi ba. Ta ce da a hannunta abin yake da ta duba, amma jami'a mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka.

Sai Ummi ta ce, "Hajiya, makina na shiga jami'a fa? Zai jira ni?"

"Shekara ɗaya yake yi, 'yata. Shi ma sai kin sake."

A mota Iya ta yi ta ba Ummi haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga kasuwa, kuma ya zaga ta fuska biyu. Wasu suka ce Malam Isa ya lalata wa jikar Malam Garba karatu, suka kwashe 'ya'yansu suka koma wani shago. Wasu kuma suka ji cewa Malam Isa yana haɗa takardun 'yan gida ɗaya. Wani mutum ya taso tun daga wajen Shanono da takardun 'ya'yansa uku, ya ce in tsince masu kyau in haɗa wa babban. Da na ƙi, ya ce ashe ina da waɗanda nake yi wa. Har aka ci rabin rani ban san wanne zan fara ƙaryatawa ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya ajiye min takarda biyu sai na sa ya karanta min lambar jarrabawarsa da ka, ya faɗi makarantar da ya zana kowacce, ya gaya min sunan da ake kiransa a gida. Kuna ganin ina ɓata muku lokaci, ku yi ta gani.

Ba zan ja muku rai ba, Ummi ta sake zana jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a, ta ci, ta samu gurbin a shekarar da ta biyo, tana can tana karatunta. Ita Iya ta sake gwada Turanci ta samu fas, tana gida tana ɗinkin hula. Amma ranar cike fom na biyun nake so ku ji.

Malam Garba ya shigo da ledarsa, Ummi tana bayansa. Ya ajiye takarda ɗaya a tebur ya danne ta da yatsa. "Ta mutum ɗaya ce, Malam Isa. Ka tambaye ta duk abin da za ka tambaya." Na tambaya, ta amsa. Lissafi kiredit. Na ce a wace makaranta ta yi darasin ƙari, ta ce ba ta je ko'ina ba. Iya ce take zaunar da ita kullum bayan la'asar a bayan rumbu, wata bakwai, da allo da gawayi, in ta yi kuskure ta goge ta ce a sake.

Na cike komai, na karanta musu daga farko har ƙarshe. Zan tura kenan dattijon ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Na yarda takardar ta Ummi ce, ban gane ba amma na yarda. To ita Iya da ta zuba mata lissafin nan a ka, a wane layi za ka rubuta ta?"

Na san fom ɗin nan kamar tafin hannuna, na san babu. Amma ya matso da kujerarsa ya ƙura wa kwamfutar ido, shi da ba ya karatun boko, yana jira. Sai na hau sama da shafin, na sauko ƙasa, na sake hawa, a hankali, don ya ga na duba.